Dutsen Guga a Hannun Kafinta: Lacca Kan Rufe Gefen Filawud

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Ku ɗan matso, don abin da zan nuna sai an gani da ido.

An ce in yi magana kan rufe gefen filawud da tef ɗin katako, wanda ake liƙawa da dutsen guga. Abubuwa biyar zan faɗa: gyaran gefe, zaɓen tef, guga, yanka, da gogewar ƙarshe.

Ga wannan guntun, a zagaya da shi kowa ya taɓa. Fuskarsa sumul take. To ku juya gefen. Kun ga layi-layi? Filawud falle-fallen katako ne aka liƙa, jijiyar kowane falle ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, kuma galibi adadinsu mara ne, 3 ko 5 ko 7 zuwa sama, don kada allon ya karkace. Shi ya sa gefen ba ya shan fenti daidai, wani layin ya sha da yawa, wani ya ƙi. Ta nan danshi ke shiga, ta nan yake tsagewa ya soki hannu. Kabad komai kyansa, in aka bar gefen kantarsa a buɗe, mai saye zai ce aikin bai ƙare ba, kuma da gaskiyarsa.

Na farko, gyaran gefe. Ya zama miƙe, babu sawun zarto, babu ƙura. In akwai rami tsakanin fallayen, ka cike shi, ka bari ya bushe, ka goge. In za ka sa samfefa, naɗe ta a jikin guntun katako, don in ka riƙe ta da tafin hannu za ka cinye kusurwoyin, gefen ya yi doro, tef ya rasa inda zai kwanta.

Na biyu, tef ɗin. Katako ne na gaske, an fere shi siriri, kaurinsa wajen rabin milimita, an shafa masa gam a baya, irin wanda zafi ke narkarwa. A naɗe yake zuwa. Ka nemi wanda ya fi allonka faɗi kaɗan: allo mai kaurin milimita 18, tef mai faɗin 21 ko 22. Launinsa ya dace da fuskar allon. Ka yanke shi ya zarce tsawon gefen da kamar santimita 2 ta kowane ɓangare. Sai ka duba, a cikin naɗin akwai wuraren da aka haɗa guntu da guntu, kada mahaɗar ta faɗo a tsakiyar gaban kabad.

Yauwa. Yanzu mun zo wurin da nake so.

Dutsen guga ka sa shi a ma'aunin auduga, wato zafin da ake goge tufafin auduga da shi, wajen digiri 200 na Salsiyas ke nan, kuma ka zubar da ruwan cikinsa, ba a son tururi ko kaɗan. Sannan don Allah, ka nemi dutsen guga na wurin aiki daban. Wanda ya ɗauko na gida ya mayar da shi da gam a ƙasa, gobe aka ɗora shi kan farar riga, to ni ba ruwana, ba zan je bada haƙuri ba. (Dariya.) In ma naka ne, shimfiɗa takardar alminiyom ko takarda mai kauri tsakanin dutsen da tef, tana hana ƙuna, tana hana gam ɓata dutsen.

To ku saurara da kyau. Yawancin mutane sun ɗauka dutsen guga ne yake liƙa tef. A'a. Aikin dutsen guga narkar da gam, shi ke nan. Liƙewar tana faruwa ne bayan ka ɗauke dutsen, lokacin da gam ɗin yake hucewa. In yana hucewa babu abin da ya danne shi, tef zai ɗan ɗago da kansa, don dama a naɗe ya zo, yana son komawa yadda ya saba. Ɗagowar ba za ka gan ta ba a ranar. Bayan wata biyu ko uku, sai wani ya ja hannun rigarsa a wurin, ko a goge da tsumma, sai ka ji ɓaras, ya ɓare.

Saboda haka hannu biyu ake aikin. Ku duba nan. Na ɗaure allon a tsaye, gefen yana kallon sama. Na ɗora tef, ya leƙo kaɗan ta dama, ya leƙo kaɗan ta hagu. Hannun dama dutsen guga, hannun hagu wannan guntun katakon mai santsi. Na ɗora dutsen, ina tafiya da shi a hankali, kamar tsawon taƙi ɗaya. Ba na tsayawa wuri guda, tef zai ƙone ya yi baƙi. Ba na gudu, gam ba zai narke ba. Na ɗauke. Nan take, kafin ya huce, guntun katako ya biyo baya, ina dannawa da ƙarfi, gaba da baya, gaba da baya. Kun ji ƙarar? Da nauyin kafaɗa ake yi, ba da yatsu ba.

Malam mai hula a can, zo ka duba gefen nan. Ka ga wani ɗan siririn gam da ya fito ta ƙasan tef, yana ƙyalli? Yauwa. Shi ne shaidar ya narke har baki. In ba ka gan shi ba, zafi bai isa ba, ka koma. In kuma yana zuba yana gangarowa kan fuskar allon, ka yi yawa.

Sannan akwai wata dabara, a nan ake gane gwani. Bayan ka danna tsakiya, ka ɗan karkata guntun katakon, ka bi kusurwar dama, ka karkata ka bi ta hagu. Don me? Don tef ba ya fara ɓarewa daga tsakiya. Daga baki yake farawa, kullum daga baki, da kuma can ƙarshe inda ya tsaya. Mutum zai goge tsakiya har ya yi gumi, ya bar bakin da shi ne ke shan wahala. Ka danna baki. Ina maimaitawa, ka danna baki.

Wani zai ce ai akwai abin dannawa mai taya da ake sayarwa. Akwai, kuma yana da kyau. Amma guntun katako mai santsi ya wadatar, in dai hannun da ke riƙe da shi bai yi ƙiwa ba.

Kuma abin da ya sa nake ƙaunar wannan gam, yana da yafiya. Tef ya karkace? Mayar da dutsen, ya narke, ka gyara, ka sake dannawa. In ka gama, bi da farce kana ƙwanƙwasawa. Inda ya kama, sautin a cike yake. Inda bai kama ba, za ka ji kamar fanko. Nan za ka koma da zafi, ka danna.

Na nawa muke? Na uku ne ko na huɗu? To, ko ma dai na nawa ne, ka bari ya huce sarai kafin ka kai masa wuƙa. Wanda ya yanka da ɗumi, gam zai bi wuƙar, tef ya goce. Ka tafi ka yi wani gefen, ka dawo.

An ɗago min hannu wai lokaci. Bari in yi sauri. Yanka: fara da ƙarshen biyu, kifa allon kan katako ka datse da wuƙa mai kaifi. Sai gefe-gefe, da cizal ko wuƙa ko ɗan abin yankan da aka yi don haka. Ka lura da inda jijiyar tef ta nufa, in ka ga ya fara tsagewa zuwa ciki, tsaya, juya ka zo ta ɗaya ɓangaren. Sai samfefa mai laushi, lamba 180 ko 220, ka kashe kaifin kusurwar kaɗan. Kada ka matsa, fatar saman filawud siririya ce, yanzu ka huda ta. Duk gam ɗin da ya taɓa fuskar allon ka kankare shi, don launi ba ya shiga inda gam yake. In gefe huɗu za ka rufe, wanda ido zai fi gani shi ne na ƙarshe, don ya rufe bakin sauran.

Akwai tambaya? Na'am, ƙanwata.

Mai tambaya: Malam, na ga kabad ɗin kicin da tef ɗinsa ya ɓare ta gefen da ke kusa da murhu, alhali sauran lafiya. Rashin dannawa ne shi ma?

A'a, wannan kam ba lallai laifin hannu ba ne, kuma na ji daɗin tambayar. Abin da zafi ya narkar jiya, zafi zai sake sassauta shi gobe, kuma ba sai ya kai zafin dutsen guga ba. Kusa da murhu, saman inda tururin tukunya ke bugawa, ko cikin rana mai ƙarfi, wannan gam ba wurinsa ba ne. Haka gefen teburin da ake yawan bugawa, rabin milimita ba ya jure duka. A irin waɗannan wurare ki tsaga siririn katako mai kauri, milimita 6 zuwa sama, ki liƙa da gam ɗin katako na ruwa, ki matse har ya bushe, sannan ki daidaita shi da fuskar allon. Ya fi cin lokaci, amma zai zauna. Shi kuma wancan da ya ɓare, in tef ɗin bai karye ba, a share maiƙon da ya shiga ƙarƙashinsa tukuna, don gam ba ya kama maiƙo. In ya riga ya jiƙe da mai, a ɗumama shi a cire gaba ɗaya, a goge gefen har sai katako mai tsabta ya fito. Kawo min wancan allon in nuna miki yadda ake cirewa ba tare da an ɓalle fatar saman ba.