Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Gane Bawul ɗin Babur Ya Lanƙwashe

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin da suka taru a gabana yau kusan dukkansu a kan injin babur suke, shi ya sa muka gayyato wani dattijo wanda ya daɗe yana kwance inji yana ɗaurawa domin ya taya mu warware su. Baba, barka da zuwa, mun gode da ka bar gareji ka amsa kiranmu.

Bakanike: Barka kadai, ɗana. Allah ya sa abin da za mu faɗa ya amfani masu sauraro.

Mai gabatarwa: Amin. Saƙon farko daga Maraɗi yake. Mai shi ya ce yana da tsohon babur Suzuki AX100 wanda ƙarfinsa ya ragu, yana so ya san ko bawul ne ya lanƙwashe, wato ƙarfen nan da yake buɗewa yana rufe hanyar fetur da hayaƙi a kan inji.

Bakanike: Wannan babur irin wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ba shi da bawul irin wanda muke magana a kai, saboda haka ya sa a duba masa ringi da fistin, a kuma wanke masa salansa.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Azare ta ce babur ɗin maigidanta yana fitar da baƙin hayaƙi, an ce musu bawul ne.

Bakanike: Baƙin hayaƙi alamar fetur ya yi yawa ne, a fara da kafireto da matatar iska. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi shi ne na baƙin mai, shi ne ake zargin ringi ko robar da ke wuyan bawul.

Mai gabatarwa: To, ga wadda za mu daɗe a kanta, domin irinta ta zo mana daga Gusau da Damagaram da Garwa, amma zan karanta ta wani matashi daga Funtuwa saboda ya fi kowa bayani. Ya ce yana da Bajaj Boxer, ya yi makonni yana jin ƙarar sarƙa a cikin inji bai kula ba, ran nan yana cikin tafiya babur ya yi wata ƙara ya mutu. An canza masa taimin cen, wato wannan sarƙar ta cikin inji, amma tun daga ranar kik ya zama ba nauyi, babur ba ya tashi sai da turi, in ya tashi kuma sai ya riƙa tari ta kafireto. Bakanikensa ya ce bawul ya lanƙwashe, sai an buɗe kan inji. Tambayarsa ita ce, yaya za a tabbatar kafin ya kashe kuɗi? Kafin Baba ya amsa, ɗan'uwa na Funtuwa, ni ma ina da magana da kai. Makonni kana jin sarƙa tana kuka a ƙarƙashinka kana wucewa, ai babur ya yi maka haƙuri ƙwarai.

Bakanike: Gaskiya ka faɗa, ɗana, amma tun da ya tambaya kafin ya biya, ya yi abin da ya dace. Bari in fara da yadda abin yake aiki. Irin wannan inji bawul biyu gare shi, babba na shigar da fetur da iska, ƙarami na fitar da hayaƙi. Kowanne siffarsa kamar ƙusa mai faɗin kai, doguwar ƙafa da kai kamar faifai. Taimin cen ita ce take haɗa tafiyar fistin da tafiyar bawul, ta yadda duk lokacin da fistin ya iso sama, bawul ya riga ya kauce masa. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. To, da zarar sarƙar ta saki ta tsallake haƙora, ko ta tsinke, ko wanda ya ɗaura ta bai daidaita alamomin ba, sai fistin ya taho ya tarar da bawul a buɗe ya doke shi. Haka kuma yakan faru ga mai gudu da ya dawo da giya ƙasa da ƙarfi har inji ya yi juyin da sifirin ba zai iya mayar da bawul a kan lokaci ba. Ni kuwa abin da yake damuna shi ne baƙin mai. Yaran yanzu sai mai ya koma kamar kwalta ba su juye ba, ga ƙurar hunturu, wasu ma sun cire matatar iska sun yar wai don babur ya ƙara gudu, daga nan datti ya taru a ƙafar bawul ya riƙe shi a cikin hanyarsa, shi ma ya zama sanadin karo da fistin.

Mai gabatarwa: Baba, maganar mai tana da muhimmanci, amma mutumin Funtuwa yana jiran yadda za a gane. Mene ne za a iya dubawa tun ba a kwance kan inji ba?

Bakanike: Abu uku ne. Na farko, a cire filogi, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik da makulli a kashe. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi, wanda bawul ɗinsa ba ya rufewa kuwa sai ka ji ɗan huci kawai. Wanda yake da agogon auna matsi, shi ya fi. Na biyu, idan matsin ya yi ƙasa, a zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya ta ramin filogi a sake gwadawa. Idan matsin ya ƙaru, ringi ne ya cinye, domin man ya cike gibin da ke gefen fistin na ɗan lokaci. Idan bai ƙaru ba, to iskar ta sama take gudu, wato ko bawul ko gaskit, shimfiɗar da take toshe tsakanin kan inji da silinda. Na uku shi ne tafet, wato ƙarfen da yake danna ƙafar bawul ya buɗe shi. A bar inji ya huce, a buɗe murfin tafet, a juya inji har alamar T da ke jikin maganeto ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi, a lokacin da bawul biyun suke rufe. Tazarar da ya kamata a samu tsakanin tafet da ƙafar bawul ƙarama ce ƙwarai, a irin injin Honda Cub 0.05 na milimita ce, a CG125 kuma 0.08. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa, yana maƙalewa a ɗan buɗe, don haka sai ka tarar tazarar gefensa ta yi faɗi fiye da kima alhali ba wanda ya taɓa ta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda rediyonsa ke shuu. A gwada matsi ta ramin filogi, a zuba ɗan mai a sake gwadawa, in bai ƙaru ba a duba tazarar tafet, in ta yi faɗi haka kawai to zargi ya yi ƙarfi a kan bawul. Haka ne, Baba?

Bakanike: Haka ne. Tarin da ya ce yana ji ta kafireto kuma yana nuna babban bawul ne na shigarwa, domin da ƙaramin ne da ta salansa zai fi jin harbin. Amma ka lura, taimin da aka ɗaura ba daidai ba shi ma yana kawo wannan tari, saboda haka a tabbatar da alamomin taimin tukuna. Idan duk an yi wannan, bakanikensa yana da gaskiya, sai a buɗe.

Mai gabatarwa: To an buɗe, kan inji yana hannu. Sai me?

Bakanike: Kada a yi gaggawar cire sifirin. A fara duba saman fistin, sau da yawa za a ga tabo kamar jinjirin wata inda bawul ya sare shi. Sannan a karkata kan injin, a zuba kananzir ta ƙofar da kafireto yake ɗaurewa, a jira 'yan mintoci a ga ko zai tsattsafo ta gefen bawul, a sake yin haka ta ƙofar salansa. Na ce kananzir da gangan, domin na sha ganin masu yi da fetur ga mai shayi da wutarsa a gefe, wannan ganganci ne. Idan ya zubo, bawul ba ya zama daidai. Sai dai zubar ba ta nufin lanƙwasa kai tsaye, yana iya zama ƙonewa ko dattin hayaƙi ne ya hana shi rufewa. Saboda haka sai a danne sifirin a zare bawul, a kiyaye idanu domin 'yan ƙananan ƙarafan da ke riƙe sifirin suna tsalle, kuma a ajiye kayan kowane bawul daban. Tun wajen zarewa ma ana samun labari, mai lafiya yana sulɓowa da yatsa biyu, wanda ya karkace kuwa yana cijewa a hanya. A wanke shi tas, a kankare dattin, a sami gilashi mai kauri ko madubi a shimfiɗa a bakin tebur, a kwantar da ƙafar bawul a kai ta yadda kansa zai leƙo waje, sannan a mirgina shi a hankali da yatsa. Ga inda mutane da yawa suke kuskure, suna kallon ƙafa su ga ta miƙe su ce lafiya lau. Lanƙwasar galibi a wuya take, dab da kai. Saboda haka bakin faifan za ka zuba wa ido, idan yana hawa yana sauka kamar tayar keken da ta karkace, ya tashi daga aiki. A haska tocila ta baya, in haske yana ɓullowa yana ɓacewa a ƙarƙashin ƙafar, ita ma ta tanƙware.

Mai gabatarwa: A nan ma zan maimaita, domin ina ganin ita ce zuciyar amsar. Ƙafa a kan gilashi, kai a waje, ido a kan bakin kai ba a kan ƙafa kaɗai ba. Amma Baba, in lanƙwasar ƙarama ce da ido ba zai kama ba fa?

Bakanike: Wasu suna ɗaure ƙafar a bakin injin huda ƙarfe su juya shi a hankali, rawar kan tana fitowa fili, in dai bakin injin shi kansa bai karkace ba. Akwai kuma dabarar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, a shafa tawadarsa a gefen bawul inda yake haɗuwa da mazauninsa, a mayar da shi a ɗan murza, a ciro. Idan tawadar ta goge a zagaye duka, yana zama daidai, idan gefe ɗaya kawai ta goge, ko dai ya karkace ko mazaunin ya lalace. Hukunci na ƙarshe kuwa sai wurin masu gyaran ƙarfen inji, waɗanda suke ɗora bawul a kan wani ƙarfe mai tsaga su sa masa agogo mai allura. A littattafan gyara da yawa iyakar karkatar da ake yarda da ita ba ta wuce 0.05 na milimita ba, wasu ma ƙasa da haka, abin da bai kai kaurin takarda ba.

Mai gabatarwa: Wani daga Birnin Kebbi ya ce, tun da ƙarfe ne, me zai hana a buga shi da guduma ya miƙe, ko a goge shi da man gogar bawul har ya zauna?

Bakanike: Ina roƙonsa da girman Allah kada ya yi. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka sake miƙar da shi ya raunana a wuya, kuma a wurin yake shan zafi da duka. Ranar da kan ya ɓalle ya faɗa cikin silinda, fistin da kan inji duka za su tafi, kuma yana iya faruwa mutum yana tsakiyar titi da goyo a baya. Man goga aikinsa gyara zaman bawul mai lafiya ne, ba ya miƙar da karkatacce, sai dai ya cinye mazaunin gefe ɗaya. A sayi sabo, a gwada shi a cikin hanyarsa a ga ba ya cijewa ba ya kuma kaɗawa, domin dukan da ya lanƙwasa bawul yakan tsaga bututun da yake bi. A canza robar wuya da gaskit, a goga sabon a mazauninsa, a sake gwajin kananzir. Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku kafin a buga kik, in an ji ya tokare a tsaya nan take. Kuma a gyara abin da ya jawo matsalar, musamman abin da yake ɗame sarƙar, in ba haka ba sabon ma haka zai bi.

Mai gabatarwa: Ni ra'ayina, mutumin Funtuwa, ka tsaya a gaban bakaniken naka a yi gwajin kananzir da na gilashi kana gani, bakanike na gari ba zai ji haushin haka ba. Lokaci ya kusa cinye mu, Baba, saura guda ɗaya daga Yola. Ya ce nasa irin injin CG ne wanda ba shi da taimin cen, shi ma bawul ɗinsa yana iya lanƙwashewa?

Bakanike: Yana iya yi, in ya maƙale ko aka yi wa inji juyin da ya wuce kima. Shi sanduna biyu ne suke tura masa bawul, to in ya buɗe ya mirgina su su ma a kan gilashin nan, domin sukan tanƙware tare.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Masu tambaya a kan kulochi da batir, saƙonninku suna nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.