Fiffiken Jirgin Da Ke Lanƙwasa Kansa Kamar Na Shaho

Jama'a barkanmu da warhaka. In ka taɓa zama gefen taga a jirgin sama lokacin da zai sauka, tabbas ka ga wasu faifan ƙarfe a bayan fiffike suna zamowa ƙasa, su ake kira filaf, aikinsu su riƙe jirgi a sama idan gudu ya ragu. To amma dubi gefunansu da gibin da ke tsakaninsu da jikin fiffiken, a nan iska ke hargitsewa tana jan jirgi baya, ga uban ƙara a kan mutanen unguwannin da ke kusa da filin jirgi.

Yanzu kalli shaho in zai fyauce ɗan tsako. Babu hinji babu kusa, fiffiken gaba ɗaya ne ke murɗewa, ya ware ya naɗe yadda ya ga dama. Wannan injiniyoyi ke nema wallahi tun fil azal.

Ai ma da haka aka fara. Jirgin 'yan'uwan nan Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903 a Kitty Hawk ta Amurka, fiffikensa katako ne da yadi, matuƙi yana kwance rub da ciki, in ya karkata ƙugunsa sai wayoyi su murɗa ƙarshen fiffike jirgin ya juya. Da jirage suka ƙara gudu da nauyi sai aka koma ƙarfe mai tauri, aka manna masa ƙananan faifai masu hinji. Daga baya jiragen yaƙi irin su F-14 suka zo da fiffike mai komawa baya daga digiri 20 har 68, amma injin da ke juya shi nauyi gare shi kuma gyaransa ci yake da kuɗi, sojan ruwan Amurka suka ajiye shi a 2006.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Farfesa Sridhar Kota na Jami'ar Michigan da kamfaninsa FlexSys. Suka cire filaf ɗin wani jirgi Gulfstream III suka sa wani mai laushi wanda ba shi da gibi ko ɗaya, ƙashin cikinsa ne ke lanƙwasa fatar ta bi shi sumul, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta tashe shi sau 22 a Kalifoniya tsakanin 2014 da 2015, ana saita lanƙwasar daga digiri 2 sama zuwa 30 ƙasa, jirgin ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Akwai kuma nitinol, gamin nikel da titaniyam, wanda in ka dumama shi yake komawa siffar da aka horar da shi a kai, NASA ta yi amfani da wani nau'insa wajen naɗe ƙarshen fiffiken wani ƙaramin jirgi mara matuƙi yana cikin tafiya.

To me ya hana mu gani a jirgin fasinja? Fiffike shi ke ɗauke da jirgin baki ɗaya, kuma galibi a cikinsa ake zuba mai, kenan ana so abu ɗaya ya yi laushi ya kuma yi ƙarfi, ya lanƙwashe sau dubbai cikin sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifili bai tsage ba, sannan hukumomin jiragen sama su gamsu. Ko Boeing 777X da ake ta magana, ƙarshen fiffikensa a ƙasa kawai yake naɗewa don ya samu shiga wurin fakin, kafin ya tashi sai an miƙe shi an kulle.