Daga Singafo zuwa New York: Awa 18 a Sama Babu Ya da Zango

Jama'a, tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin JFK na birnin New York akwai tazarar kilomita 15,349. Wannan ita ce tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi a tashi guda. Kamfanin Singapore Airlines ne ke wannan zirga-zirga tun watan Nuwamba na 2020, kuma tafiyar takan ci awa 18 da ɗoriya, wata rana ma ta doshi 19.

To, ta ina aka auna wannan nisa? Ku samo lemo da zare, ku ɗiga alama biyu nesa da juna a jikin lemon, sannan ku ja zaren ya yi tsam a tsakaninsu. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Idan aka yi haka a jikin duniya, zaren da ya haɗa biranen nan biyu zai hau arewa ne, ya ratsa ta kusa da ƙurewar arewacin duniya inda ƙanƙara take. Shimfiɗaɗɗiyar taswira ce ke ruɗin ido, har mutum ya zaci jirgi yana kewaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne, jirgin ba ya yawan bin wannan gajeriyar hanyar. Can sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 inda jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Da hunturu gudunta kan haura kilomita 200 a awa. Shi kuwa jirgi yana yin wajen kilomita 900 a awa. In iskar na bayansa sai ta ƙara masa gudu, in ya tunkare ta kuwa sai ta riƙe shi, mai yana ta ƙonewa. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Singafo yakan yi gabas, ya bi ta wajen Japan, ya ƙetare tekun Pasifik, ya shigo ta Alaska da Kanada. A dawowa ma sau da yawa gabas ɗin yake sake yi, ta tekun Atlantika da Turai har ya faɗo Asiya. Ke nan fasinjan da ya je ya dawo yana iya zagaye duniya sukutum yana zaune a kujera. Kilomitoci sun ƙaru, amma lokaci da mai sun ragu. Masu tsara hanya kullum sai sun duba rahoton iska kafin su yanke ta ranar, ga kuma sararin samaniyar Rasha da kamfanoni da yawa suke kauce wa tun 2022.

Jirgin da aka ƙera domin irin wannan doguwar tafiya shi ne Airbus A350-900ULR. Tankinsa na ɗaukar lita 165,000 na mai, amma kujerunsa 161 ne kacal, babu ajin masu ƙaramin tikiti sam, domin sai an rage nauyi kafin man ya kai. Matuƙa huɗu ne a ciki, biyu na tuƙi biyu na barci, suna karɓa-karɓa.

Sai kuma ku kula da agogo in kuna duba tikiti. Singafo tana gaban New York da awa 12 ko 13, gwargwadon lokacin shekara, shi ya sa wanda ya tashi daga Singafo ya shafe awa 18 a sama zai sauka ya tarar agogon New York awa biyar ko shida kawai ya ɗara lokacin da agogon Singafo ya nuna sa'ad da ya tashi.