Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Wajen Horar da Ma'aikatan Lafiya na Unguwanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. A madadin malaman asibiti, ungozomomi da 'yan sa-kai da ke zaune a nan, muna yi wa Mai Martaba da 'yan rakiyarsa barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, ƙasarmu ƙasar fadama ce, ruwan da ke ba mu shinkafa shi ke rainon sauro. Binciken 2021 ya nuna kusan rabin yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu. Ba mamaki da aka zo fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21 a Disambar 2024 aka zaɓi jiharmu da Bayelsa.

Allurar sau huɗu ce: yaro yana wata 5, wata 6, wata 7, sai kuma wata 15. Ta huɗun ce ke hana mu barci. Wata takwas ne tsakani, yaro ya fara tafiya, kati ya shige ƙasan akwati, uwa tana ganin ai an gama. Don haka muke koya wa ma'aikatan nan su riƙa ɗaura ta da allurar ƙyanda ta biyu, tunda watansu ɗaya, zuwa guda ya wadatar.

Muna kuma sa su gwada shiga gida. Ɗaya ta zama uwa ta ce, "Jiya aka yi masa, ga shi ya kwana da zafin jiki." Ɗayar ta amsa ba faɗa: yakan faru, kwana ɗaya ko biyu ya wuce, in ya zarce a kawo shi asibiti. In aka ce to a naɗe gidan sauro, amsar a'a ce. Allurar tana rage ciwon ne, ba ta kore shi duka, kuma maganin da ake raba wa yara da damina yana nan daram.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Waɗannan mata suna shiga har ɗakin uwa, amma izinin fita yana hannun maigida, shi kuwa a zaure yake, inda muryarsu ba ta kaiwa. Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai, dagatai da limamai su riƙa ambaton allurar nan a huɗubar Juma'a da wajen raɗin suna.

Bismillah, Mai Martaba ya ga gwajin da idonsa. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mayar da shi fada lafiya.