Me Ya Sa Naman Titus Yake da Launi Biyu?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna Ijora a Legas, wajen masu kifin ƙanƙara. Ga titus nan an tsaga shi. Ku duba gefensa, daf da fata: akwai siririn nama mai duhu, sauran kuwa fari ne.

Mai duhun nan shi ke aikin yau da kullum. Titus ba shi da jakar iskar da ke riƙe yawancin kifaye a ruwa, don haka iyo yake dare da rana, kuma wannan tsoka ce ke ɗauke da shi, tana ƙona kitse da iskar oksijin. Farar tsokar kuwa ta gudun ceton rai ce: ta fizga sau ɗaya da ƙarfi, sai gajiya.

To, ina saurin yake fitowa? Daga tantanin da ya lulluɓe kowane zaren tsoka. A jikinsa akwai furotin iri-iri, wasu ƙofofi ne, wasu famfo. Ɗaya daga cikinsu yana fitar da ƙwayoyin sodiyam 3, ya shigo da na fotasiyam 2 (sinadarai ne masu ɗauke da cajin lantarki), ba ya tsayawa. Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, shi ya gano shi a jijiyar ƙaguwa a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Da wannan famfo ne tantanin ke riƙe cajinsa, kamar batir.

Saƙo na zuwa daga jijiya sai ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwararo daga rumbunsa na cikin zaren, tsoka ta tsuke. Kafin ta saki, dole wani famfon ya kwashe kalsiyam ɗin ya mayar rumbu. A nan ne abin ya fi burge ni: farar tsoka ta fi yawan rumbunan nan, famfonta ma wani iri ne mai sauri, shi ya sa take tsukewa ta saki kafin ƙiftawar ido.

Idan kifi ya mutu, makamashin da famfon ke aiki da shi, wanda ake kira ATP, ya ƙare, famfon ya tsaya, kalsiyam ya malale, sai kifin ya sandare. Wanda ya daɗe yana fafutuka a cikin raga ya riga ya ƙona ajiyarsa, saboda haka yakan riga sauran sandarewa. In kun je Epe, garin masu kamun kifi a jihar Legas, ku tambayi masunta, sun san wannan da hannunsu.