Zana Rubutun Gado: Abin da Hoto ke Nunawa, da Wanda ke da Ikon Nuna Shi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, barkanmu da war haka. A taimaka a haska mana hoton farko a allo, daga kansa za mu tashi.

Wannan jadawali mai gidaje 16 shi ne ƙa'idar da ƙwayar halitta ke bi ta mayar da rubutun DNA ya zama furotin. Haruffan huɗu ne, A, C, G da T, in an kwafe su zuwa RNA, wato kwafin da ake karantawa wajen gina furotin, sai U ta zauna a gurbin T. Shi kuwa furotin da amino asid iri 20 ake gina shi. Da bibbiyu ake karanta haruffan, haɗi 16 kawai za a samu, ba su isa ba. Uku-uku ake karantawa, huɗu sau huɗu sau huɗu, ya ba da 64, kuma kowane haɗi sunansa kodon. Guda 61 suna kiran amino asid, uku kuma, UAA da UAG da UGA, cewa suke a tsaya. AUG na metiyonin ne, da shi ake buɗe karatu. A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka zuba RNA mai U zalla cikin ruwan da suka fitar daga bakteriya, sai ga furotin na fenilalanin zalla. Wannan ne kodon na farko da aka karanta, zuwa 1966 an cike sauran.

To ku lura da jerin haruffan da ke gefe: U, C, A, G. Ba jerin abacada ba ne, kuma da gangan aka yi shi. Harafin farko na kodon yana hagu, na biyu yana sama, na uku yana dama. Da wannan jeri, gidaje takwas cikin 16 suna ɗauke da amino asid guda tak, ko mene ne harafi na uku. A kowane gida kuma, U da C a matsayi na uku abu ɗaya suke bayarwa, shi ya sa aka ajiye su kusa da juna. Sai ku bi layin da harafinsa na tsakiya U ne daga sama zuwa ƙasa: fenilalanin, lusin, aisolusin, metiyonin, balin, dukkansu masu gudun ruwa. Layin A kuwa yawancinsa masu son ruwa ne. Wanda ya sake jerin ya mayar da shi A, C, G, U bai yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba, amma ya raba U da C a matsayi na uku ta yadda ido ba zai kama haɗinsu da sauƙi ba. Maganata ta yau ke nan: duk zanen gado zaɓi ne na mutum, kuma wajibi ne mai zane ya faɗi abin da ya zaɓa.

Mu gwada jadawalin da cutar sikila. A ƙwayar gadon HBB, mai ɗauke da rubutun wani sashe na himoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, kodon na shida GAG ne, gulutamik asid. Harafin tsakiya ya sauya ya zama GUG, balin. A allo kun ga layin kwance bai canza ba, tsalle aka yi daga layin masu son ruwa zuwa na masu gudunsa. Wannan balin da ke bayan himoglobin yana neman inda zai lafe, sai ƙwayoyin su manne da juna su yi zare idan iskar oksijin ta yi ƙasa, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe. A wannan kodon dai, in harafin farko ne ya sauya ya zama AAG, laisin ake samu, wato himoglobin C, wanda larurarsa ta fi sauƙi.

A nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Ka buɗe manhajar UCSC ko Ensembl ta duba jinom, wato cikakken rubutun gado, kana neman A ta koma T, sai ka tarar da T ta koma A, ka ɗauka an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. DNA zare biyu ne, A a ɗaya tana fuskantar T a ɗayan, kuma HBB tana kan kuromosom na 11 a zaren da ake karantawa ta baya, manhajar kuma ɗaya zaren take nunawa. Haka lambar kodon ɗin: tsofaffin littattafai na kiransa na shida, sabon tsarin rubutu na bakwai, domin yana ƙirga metiyonin na farko da ake yankewa daga baya. Ga kuma bugun jinom, wato sigar jinom ɗin ɗan Adam da ake ƙirga wuri a kanta. Lambar wuri a bugun GRCh37 na 2009 ba ita ce a bugun GRCh38 na 2013 ba. A cikin nau'o'in fayil na adana bayanan jinom, BED daga sifili yake fara ƙirga, VCF daga ɗaya, wanda ya haɗa su bai gyara ba duk alamominsa za su goce da harafi ɗaya. A rubutun da ake karantawa uku-uku, gocewar harafi ɗaya tana lalata duk abin da ya biyo baya. Kada kuma a ɗauki jadawalin nan a ɗora wa DNA na maitokondiriya, sassan ƙwayar halitta masu samar da kuzari: a can UGA tiriftofan ce, AUA kuma metiyonin, mai amfani da jadawalin gama-gari zai ga furotin ya yanke a inda bai yanke ba.

Hoto na gaba. Waɗannan tuddai masu launi su ne abin da na'urar Sanger mai karanta jerin haruffan DNA ke fitarwa: A kore, C shuɗi, G baƙi, T ja. Haruffa 30 zuwa 50 na farko yawanci a cakuɗe suke, a yanke su, kuma bayan kimanin 800 tuddan sukan baje. Mai jinotayif AS zai nuna tudu biyu a wuri ɗaya, kowanne kusan rabin tsayi. Manhaja takan zaɓi mafi tsayi ta rubuta shi shi kaɗai, don haka wanda ya karanta haruffa bai kalli tuddan ba yana iya ba mai AS sakamakon AA. A duba makin inganci: 20 na nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin 100, 30 ɗaya cikin 1,000. Kore da ja kuma su ne launukan da masu matsalar bambance launi suka fi kasa rabewa, saboda haka a rubuta harafi a kan kowane tudu.

Har sunayen ƙwayoyin gado ba su tsira ba. Excel yana mayar da SEPT2 ya zama 2 ga Satumba, kuma wani bincike na 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da ya duba masu ɗauke da jerin sunaye a Excel. A 2020 kwamitin raɗa sunaye ya sauya su, MARCH1 ta koma MARCHF1.

Duk waɗannan kurakurai ne na sana'a, ana gyara su. Zanen da zan nuna yanzu shi ne wanda ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga siyasa.

Kowane siririn layi a tsaye a hoton nan mutum ɗaya ne, launukan cikinsa kuma kason da manhaja ta danganta shi da rukunonin asali. Jonathan Pritchard da abokansa suka fitar da manhajar STRUCTURE a 2000, ADMIXTURE ta biyo baya. Abin da mai kallo bai sani ba shi ne, yawan launukan, wanda ake kira K, mai bincike ne ke bugawa da hannunsa. Ka ce biyar, ta raba mutane biyar, ka ce tara, ta raba su tara. Sannan in ka ɗebo jini daga wurare masu nisa da juna ka tsallake mutanen tsakani, launuka za su fito da iyaka a fili, alhali a ƙasa sannu a hankali bambancin ke tafiya daga gari zuwa gari. Haka zanen ɗigo-ɗigo na PCA, inda kowane ɗigo mutum ɗaya ne, masu kamannin gado kuma suke faɗowa kusa da juna. A 2008 John Novembre da abokansa suka fitar da wanda ya yi kama da taswirar Turai, abin sha'awa ƙwarai, amma layukan biyu da aka zana shi a kansu ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutanen ba. Tun 1972 Richard Lewontin ya nuna kimanin kashi 85 cikin ɗari na bambancin gadon ɗan Adam a cikin al'umma ɗaya yake. Zanen ya ɗauki ƙaramin abu ya cika allo da shi, kamar yadda tabarau mai ƙara girma ke yi.

A watan Mayu na 2022 wani matashi ya harbe baƙaƙen fata goma a wani kanti a Buffalo ta Amurka, kuma a rubutun da ya bari akwai zane-zanen da ya kwaso daga takardun ilimin gado yana kafa hujja da su. Bayan haka an ji masu cewa a taƙaita wa jama'a ganin irin waɗannan bayanai. Na fahimci zafin da ya sa su faɗin haka, amma ban goyi baya ba, kuma tarihin wannan fanni ne dalilina.

A Tarayyar Sobiyet, masanin noma Trofim Lysenko ya sami goyon bayan Stalin ya ce ilimin gado na Mendel, wanda ya aza tubalin fannin, ƙaryar 'yan jari-hujja ce. An kama Nikolai Vavilov a 1940, mutumin da ya tara irin shuka daga sassan duniya don maganin yunwa, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943. A watan Agusta na 1948 aka haramta koyar da fannin, dubban masana suka rasa aiki, ba a fara farfaɗowa sosai ba sai bayan 1964. Ba kuma tsohon labari ba ne kaɗai. Ranar 11 ga Janairu 2020 masanin ƙasar Sin Zhang Yongzhen ya amince abokin aikinsa Edward Holmes ya saki jinom ɗin ƙwayar cutar korona a intanet, haruffa kusan 30,000. Da wannan jeri aka fara tsara rigakafi cikin kwanaki. Washegari hukuma ta rufe ɗakin gwajinsa na Shanghai da sunan gyara. A Nuwamba 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona mai suna Omicron, sakayyarsu ita ce ƙasashe suka rufe wa yankin ƙofar tafiya. Wanda ya ga haka, gobe zai yi shiru, kuma shirunsa rayuka zai ci.

Wani zai ce, to komai a sake shi ke nan? A'a. Abubuwa uku ake cakuɗawa da sunan 'yancin faɗin albarkacin baki, ya kamata a raba su. Akwai sakamakon bincike, wato abin da aka gano. Wannan a buɗe shi, kamar yadda masu aikin jinom ɗin ɗan Adam suka amince a Bermuda a 1996 cewa za su riƙa sakin jerin haruffa cikin awa 24. Akwai hanyar ƙera abu mai haɗari. A 2011 Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka suka sa murar tsuntsaye H5N1 ta riƙa yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Kwamitin ba gwamnatin Amurka shawara ya nemi a ɓoye wasu bayanan, ya sauya ra'ayi a Maris 2012, aka buga takardun a Nature da Science. Har yau ana gardama, kuma gardamar halal ce. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne tambayar ta zo a makare: kafin a ba da kuɗin gwajin ya kamata a yi ta, ba bayan an gama rubutu ba. Na uku shi ne gadon mutum takamaimai. A 2013 aka buga jinom ɗin ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗauka daga jikin wata mata mai suna Henrietta Lacks, ba tare da an tambayi iyalanta ba, alhali yana tona abin da ke jikin jikokinta. 'Yan ƙabilar Havasupai ta Amurka sun ba da jini don binciken ciwon suga, aka yi wasu binciken da shi, har da na asalinsu, sai a 2010 aka sasanta aka mayar masu da jininsu. Wannan ba maganar bakin mai bincike ba ce, haƙƙin mai jini ne, shi ke da ikon cewa e ko a'a.

Zanen launukan asali yana cikin kashi na farko, don haka maganinsa ba ɓoyewa ba ne, gyara shi ne a hannun mai zane. Hoto yana yawo a waya shi kaɗai, bayanin da ke ƙarƙashinsa ba ya bin sa, saboda haka a rubuta abin da ya zama dole a cikin hoton kansa. A nuna K da yawa a jere, daga biyu zuwa goma misali, mai kallo ya ga iyakokin suna motsi. A rubuta kason bambanci a jikin kowane layi na PCA. A sa taswirar inda aka ɗebo jini da yawan mutanen kowane wuri, a bar giɓin a fili. Kada a zaɓi launukan da suka yi kama da launin fata, kada kuma a liƙa wa rukuni sunan launin fata, abin da rahoton makarantun kimiyya na ƙasar Amurka na 2023 ya yi gargaɗi a kai. A guji UMAP, wata hanyar zanen ɗigo-ɗigo, wajen nuna dangantakar al'ummu, domin tana matse na kusa ta nesanta na nesa, tazarar da ke tsakanin tarin ɗigonta ba ma'auni ba ce. Shirin binciken lafiya da gado na Amurka mai suna All of Us ya sha suka a kan irin wannan zane a 2024. Daga ƙarshe a saki lambobin manhajar da aka yi aikin da su, da bugun jinom, da adadin da aka cire daga samfurin da dalilin cirewa, yadda wani masani a wata ƙasa zai sake zanen da kansa, ya fito fili ya ce an yi kuskure in ya ga kuskure.

Lokacinmu ya yi, shugaban zama. Masu tambaya su ɗaga hannu, za a miƙa masu makirufo.