Daga Tasha Bikin Yake Farawa: Lacca Kan Bukukuwan Ƙasar Ayilan

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana a kan yadda mutanen Ayilan suke raya al'adunsu a bukukuwan birane, kuma abu uku zan faɗa: bikin ranar Patrick, bikin kiɗan gargajiya, sai harshensu. Shugaban zama ya ba ni minti ashirin. Allah Ya sa in cika alkawari.

Na farko, ranar 17 ga Maris. Ita ce ranar Patrick, wanda Kiristocin ƙasar suke ɗauka a matsayin waliyyinsu. Shi kansa ba ɗan Ayilan ba ne, daga Birtaniya aka sato shi yana ɗan shekara 16, a ƙarni na 5, ya yi shekara shida yana kiwo cikin bauta, ya gudu, daga baya ya dawo yana wa'azi. Ranar ta zama hutun ƙasa tun 1903, amma faretin nan da kuke gani a talabijin, na New York ya girme na Dublin, babban birnin Ayilan, nesa ba kusa ba, tun 1762 ake yinsa. A Chicago ma kogi suke rinawa kore, tun 1962. Kogi sukutum! Ku da kuka san marinar Ƙofar Mata, ku ƙiyasta. [dariya]

To amma ni ba faretin ne ya kama ni ba. Jirgin ƙasa ne. Bari in ba ku labari.

Shekarata ta farko ina karatu a Dublin, wani abokin karatuna ya ce in raka shi garinsu Galway mu yi bikin a can. Muka je tashar Heuston da sassafe, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Tashar cike, yara an zana musu wani ganye mai kunne uku, alamar ƙasar, a kumatu, wata tsohuwa ta maƙala ɗanyen ganyen a ƙirjin rigarta da allura. Na tambaye shi, wai shi Heuston ɗin nan wane ne, attajiri ne ko basarake? Ya ce a'a, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, akawu, a wannan tashar ya yi aiki, Turawan Ingila suka harbe shi a 1916 yana ɗan shekara 25. Na yi shiru.

Ashe a 1916, lokacin bikin Ista, wasu 'yan kishin ƙasa suka yi wa mulkin Ingila bore a Dublin. Kwana shida aka murƙushe su, aka kashe shugabanninsu. Da aka cika shekara hamsin, a 1966, sai gwamnati ta ɗauki tashoshin jirgin ƙasa goma sha biyar ta sa musu sunayen waɗannan mutane. Ku saurara da kyau, nan ne zancen yake. Ka tashi daga Heuston, bayan awa biyu da rabi ka sauka a Galway, sunan tashar Ceannt, shi ma an harbe shi. Ka nufi Cork, tashar Kent. Limerick, Colbert. A cikin Dublin akwai Connolly, akwai Pearse. Shi Connolly raunin da ya ji bai bar shi ya tsaya da ƙafarsa ba, a kan kujera aka ɗaure shi aka harbe. Wato in za ka je biki a waɗannan biranen, daga sunan mamaci ka tashi, a sunan mamaci za ka sauka. Yaro ɗan firamare da ke riƙe da tikiti yana karanta tarihin ƙasarsa bai ma sani ba.

Har wa yau akwai tashar Tralee, inda ake wani babban biki duk watan Agusta. Sunanta Casement. Wannan kuma ya shafe mu, don Roger Casement ya yi wa Ingila aiki a Kalaba wajen 1892, kafin ya je Kwango ya tona asirin zaluncin da ake yi wa mutane a kan roba, a rahotonsa na 1904. Shi rataye shi aka yi, a Landan. Na sha tsayawa a gaban allon tashi da saukar jirage ina karanta sunayen nan kamar mai bitar karatu. Abokin nawa har ya gaji da ni, ya ce Malam, jirgi zai tafi ya bar mu da tarihinka.

Shugaba yana nuna mini agogo. Ina muke? Na uku... a'a, na biyu ban yi ba. Kiɗa. Suna da wani taro da suke kira Fleadh, a rubuce dabam, a baki "fila". An fara shi a garin Mullingar a 1951, kuma yawo yake yi, bana wannan gari, wata shekara wancan. Daga tashar Connolly ake hawa zuwa Mullingar, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Tun a cikin tarago ake fara kiɗan. Akwai abin gogawa irin gogenmu, akwai sarewa, akwai ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya, da na gan ta sai da na tuna mandiri. Yara ƙanana suna gasa, tsofaffi suna alƙalanci.

Harshe kuwa a gurguje. A cikin jirgi ana sanarwa da harshensu na asali tare da Turanci, allunan tasha ma haka. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan biyu suka ce suna iya harshen, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai dubu tamanin ba. Ku riƙe wannan lissafi, ku da 'ya'yanku ba sa iya ƙirga goma da Hausa. Na huɗu... au, uku na ce ko? [dariya] Ga hannu can a baya. Bismillah, Hajiya.

[Tambaya: Malam, dankalin nan da muke ce wa arish a kasuwa, daga can ne?]

Yawwa Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sunan daga can ne, amma asalin dankalin daga Kudancin Amurka yake. Mutanen Ayilan ne suka rungume shi har ya zama shi ne tuwon talakansu. A 1845 wata cuta ta faɗa masa, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa, aka shekara bakwai cikin yunwa. A ƙasa mai mutum miliyan takwas, kusan miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya hau jirgin ruwa ya bar gida, alhali ana ta fitar da hatsi da shanu zuwa Ingila. Jikokin waɗanda suka tafi su ne suka cika Boston da Chicago, shi ya sa bikin can yake neman fin na gida armashi. Har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba. Saboda haka Hajiya, in kin sayi kwandon arish ɗin Jos... Shugaba ya miƙe tsaye. Shi ke nan, an kira salla. Sauran tambayoyin a same ni a bakin ƙofa.